Gidan da siminti ya hana sayuwa: nazarin wani tsohon bene a tsakiyar birnin Bath

## Gidan da yadda aka gina shi

Gidan yana cikin wani layi a tsakiyar Bath, kudu maso yammacin Ingila, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Landan a jirgin ƙasa. Irin gidajen jere ne, bangon wannan shi ne bangon wancan, fuskarsu iri ɗaya tun daga bakin layi har ƙarshensa, kai ka ce gini guda ne aka yi wa ƙofofi da yawa. Hawa huɗu ne a sama, da ɗaya a ƙasan titi inda kicin yake. An gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 18, a zamanin da mutanen Ingila ke laƙaba wa sunan sarakunansu huɗu masu suna George, waɗanda suka yi mulki ɗaya bayan ɗaya daga 1714 zuwa 1830.

A wancan zamani ne Bath ta cika ta batse da masu kuɗi da ke zuwa wankan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. John Wood babba ya zana da'irar gidajen nan da ake kira Circus, aka fara ta a 1754, ɗansa John Wood ƙarami ya gina Royal Crescent mai gidaje 30 tsakanin 1767 da 1774. Gidan da muke magana a kai bai kai waɗannan alfarma ba, amma salon gini ɗaya ne. Al'adar maginan lokacin ita ce mai zane ya tsara fuskar layin, sauran kuma kowane magini ya ƙarasa nasa yadda aljihunsa ya ba shi. Shi ya sa gaban gidan sassaƙaƙƙen dutse ne mai ruwan zuma, sumul, bayansa kuwa tarkacen duwatsu ne aka jera da kwaɓi. Kwaɓin nan na farar ƙasa ne da yashi, shafen ciki ma haka, har da gashin dabba a ciki don ya riƙe. Babu siminti ko cokali ɗaya, domin sai a 1824 Joseph Aspdin ya yi wa simintin Portland rajista a Leeds.

Rufin ma yana da nasa salo. Daga titi ba a ganinsa, wani gajeren bango ya kare shi. A bayan bangon tudu biyu ne na rufi, da kwari a tsakaninsu wanda aka shimfiɗe da dalma. Duk ruwan da ya sauka tsakiyar gidan ta kwarin nan yake bi ya faɗa bututu a bayan gida.

Tun 1987 UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Shi kansa gidan yana cikin rajistar gine-ginen da doka ta kare, a mataki na biyu, matakin da mafi yawan irin waɗannan gine-gine suke. Dokar 1990 ta ce duk aikin da zai taɓa siffar irin wannan gida, ciki ko waje, sai da izinin majalisar birni, kuma yin sa ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

## 2015 zuwa 2022: shekarun zama

Miji da mata ne da 'ya'ya uku. Sun sayi gidan a 2015 daga hannun wani da ya same shi an yayyanka shi zuwa ƙananan gidajen haya, ya mayar da shi na iyali guda, ya gyara ya sayar. Gyaran ya yi kyau a ido. Matakalar asali tana nan, adon da ke gefen silin na falon sama yana nan, tagogin gaba masu zamewa sama da ƙasa, kowane ɓangare da gilashi 6, an yi musu sabon fenti. Kicin na ƙasa kuwa sabo fil, da tayil a daɓe da bango mai santsi kamar ƙwai.

A hunturu na biyu matar ta fara jin wani ɗan wari a kusurwar kicin ta wajen tsakar gida, warin tabarmar da ta kwana a jiƙe. Fenti ya ɗan kumbura a wurin, wani farin gari kamar kanwa ya riƙa fitowa. Mijin yakan kankare, ya shafa sabon fenti duk shekara in zafi ya shigo. Sun ɗauka halin tsohon gida ne. Maƙwabta ma haka suka ce musu.

## Afrilu zuwa Yuli 2023: mai saye na farko

Aiki ya ɗauke matar zuwa wani gari a arewacin ƙasar, suka yanke shawarar sayarwa. Dillalin gidaje ya turo mai hoto, aka rubuta talla: gidan iyali na zamanin George, an gyara shi tsaf, a tsakiyar birni. Cikin mako 3 aka samu wanda ya taya kusa da farashin da aka sa, suka sallama.

A Ingila sallamawa da baki ba ta ɗaure kowa. Sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya ciniki yake tabbata, kafin nan kowa na iya janyewa ba tare da ya biya ko kwabo ba. A wannan tsakanin ne mai saye yake turo masanin duba gini, lauyansa kuma ya shiga tono takardu.

Mai duba ginin ya dafa 'yar na'urarsa ta auna danshi a bangon kicin, ta nuna ja kusan ko'ina. Ya rubuta cewa a nemi ƙwararru su bincika. Bankin da zai ba mai sayen bashi ya ce zai riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gyara. Ana cikin wannan, lauyan ya aiko da tambayoyi uku: ina izinin tagogi biyu na roba da aka sa a bayan gida, ina na bangon da aka cire a hawa na biyu, ina kuma na aikin kicin? Aka duba jakar takardun 2015 aka sake dubawa, babu ko ɗaya. Nasu lauyan na wancan lokaci bai tambaya ba, su ma ba su san ana tambaya ba.

Abin da ya tayar wa mai sayen hankali shi ne wannan doka ba ta da wa'adi. Ko shekara 30 aikin ya yi, majalisa na iya umartar wanda gidan ke hannunsa a yau ya mayar da komai yadda yake, da kuɗinsa, ko da ba shi ya ɓata ba. A mako na 11 ya janye.

## Agusta 2023: allurar bango

A watan ne Babban Bankin Ingila ya kai kuɗin ruwa kashi 5.25 cikin ɗari, alhali a farkon Disamban 2021 yana kashi 0.1. Masu neman gida da bashi sun ragu, iyalin kuma suna biyan haya a sabon gari ga bashin wannan gida bai tsaya ba. Gaggawa ta shigo.

Suka kira wani kamfanin maganin danshi da ke duba gida kyauta. Ma'aikacinsa ya yi minti 20 a kicin, bai hau sama ba, bai leƙa tsakar gida ba. Ya ce ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ta cikin bango. Maganin da ya ba su shi ne a huda ramuka a jere a gindin bangon, a ɗura wani sinadari da zai tare ruwan, a fasa shafen har tsayin mita 1.2, a sake shi da siminti mai hana ruwa wucewa. An gama cikin kwana 6, aka ba su takardar garanti ta shekaru masu yawa. Suka ƙara da na'urar tsotse danshi, suka bar ta a kunne dare da rana.

Bangon ya bushe ƙarau. Hotunan da aka sake ɗauka sun fi na farko kyau.

## Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024: mai saye na biyu

Suka rage farashi da kusan kashi 8 cikin ɗari. Aka samu mai saye na biyu. Game da takardun izini, dillali ya kawo shawarar a sayi inshorar da ke biyan asara idan majalisa ta taso daga baya. Irin wannan inshora tana da sharaɗi: kada kowa ya je wa majalisa da maganar. Da an je, ta ɓaci. Wato rufa-rufa ce da doka ta san da ita, kuma tana yi wa mutane amfani a ƙananan abubuwa. A nan lauyan bankin mai sayen ya ce bai gamsu ba, saboda inshora ba ta wanke laifi, ba ta kuma mayar da taga.

Hunturun ya zo da ruwa mai yawa. Makon farko na Janairu mijin ya zo duba gidan ya tarar da wani layi mai duhu ya ratsa bangon kicin, daidai saman inda sabon simintin ya tsaya. Danshin ya haura ne kawai. Ya sa yatsa a katakon da ke bin gindin bangon matakala, yatsan ya nutse. Da ya ɓanɓare katakon sai ga bayansa ya tsattsage gida-gida kamar gawayi, da wani farin abu kamar auduga ya bazu a kan dutse, ga jan gari a ƙasa. Wannan ita ce fumfunar da ke cin katako a tsofaffin gidajen Turai, wadda ke iya bin cikin bango ta nemi wani katakon a gaba. Doka ta hana mai sayarwa yin ƙarya a amsoshin da yake ba lauya, don haka suka faɗa. Mai saye na biyu ya tafi.

Kamfanin ya dawo ya duba, ya ce garantinsa na inda ya yi aiki ne, kuma inda ya yi aiki a bushe yake. A takarda gaskiyarsa ce.

## Fabrairu 2024: binciken da aka biya

Wata maƙwabciya, tsohuwa da ta haura shekara 40 a layin, ita ta haɗa su da wata masaniyar duba gini da ta ƙware a tsofaffin gidaje. Ba ta sayar da magani, kuɗin dubawa kawai take karɓa. Ta ce ba za ta zo ba sai ranar da ake ruwa.

Da ta zo, kicin ne wurin da ta shiga a ƙarshe. Ta fara da hawa can ƙololuwa, ta buɗe 'yar ƙofar da ke fita kwarin rufi. Ruwa ne kwance, ya kai idon sawu. Ganye da gashin tattabaru da guntun falalen rufi sun toshe bakin bututu. Dalmar ta tsage a wuri biyu, wani ya taɓa liƙe tsagar da baƙin danƙo, shi ma ya ɗaye. Ta sauko tana bin bututun da ido ta tagogin baya. A hawa na biyu ta nuna wa mijin inda ya fashe ta ɓangaren da ke manne da bango, inda ba a gani daga ƙasa. Ruwa na fita yana bin dutse shiru, ga wani koren layi tun daga nan har ƙasa.

A tsakar gida ta auna. An zuba kankare a kan tsohon daɓe, ya ɗaga ƙasa har ta fi daɓen kicin tsayi da santimita 15, gangaren kuma wajen gidan ya nufa. An cike tsakanin duwatsun bangon baya da siminti. Ramukan shan iska biyu na gindin bango an toshe su, bututun hayaƙin tsohon murhun kicin an rufe shi sama da ƙasa.

Sannan ta shiga ciki. Ba ta amince da na'urar da ake dafawa a bango ba, ta kuma faɗi dalili: don katako aka yi ta, wutar lantarki take aunawa, gishirin da ke cikin tsohon bango kuwa yana sa ta nuna ja ko da bangon a bushe yake. Ta huda bangon a wurare 8, ta tara garin kowane rami a kwalba ta rufe, aka auna nauyinsa, aka busar a tanda, aka sake aunawa. Sakamakon ya raba kicin biyu. Bangon baya, mai kaurin santimita 45, jiƙe yake sharkaf har tsakiya, kuma samansa ya fi gindinsa jiƙewa. Bangon gaba, wanda shi ma aka yi wa allura, kusan a bushe yake, gishiri ne kawai a fatarsa.

Ta ce wa mijin: "Maigida, ruwan nan daga sama yake zuwa. Tun da aka gina bangon nan yake shan ruwa yana fitarwa. Yanzu an ƙara masa abin sha, an kuma toshe masa hanci."

Duk wanda ya ga gidan laka da aka yi wa filastar siminti a garuruwanmu ya san wannan ciwo. Shekara biyu uku yana ƙyalli, ruwa na shiga ta 'yar tsaga ko ta gindin indararo ba ya samun hanyar fita, ran nan sai filastar ta ɓallo gaba ɗaya a ga tubali ya zama taɓo a bayanta. Dutsen Bath ya fi tubali ƙarfi, amma shi ma mai laushi ne, mai shan ruwa.

Akwai labari mara daɗi da ta ƙara musu. Aikin watan Agusta shi ma ba shi da izini, kuma wannan karon su ne suka sa aka yi.

## Maris zuwa Oktoba 2024: gyara bi da bi

Suka janye gidan daga kasuwa. Ta jera musu aikin, ta ce kada a tsallake ko ɗaya.

Rufi aka fara, a watan Maris, tun da mayar da abu irin yadda yake gyara ne na yau da kullum, ba ya taɓa siffar gidan. Aka sa sabuwar dalma guntu-guntu masu hawa kan juna, don ta samu wurin miƙewa da takurewa in zafi ko sanyi ya zo, domin shimfiɗa ta doguwa guda ɗaya shi ke tsaga ta. Aka sauya bututun da na ƙarfe irin na da. Kwarin ya haɗa da na maƙwabcin dama, sai da aka yi mako biyu ana kai-komo kafin ya yarda a kafa sanduna ta wajensa.

A watan Afrilu suka yi abin da suka shekara suna gudu: suka je wa majalisa da kansu. Dokar ta ba da damar neman izini a kan aikin da aka riga aka yi, kuma ba a biyan kuɗin shigar da takardar, sai dai kuɗin masu zane da masu rubuta bayanin tarihin gidan. Jami'ar kula da tsofaffin gine-gine ta zo ta zagaya. Bangon da aka cire a hawa na biyu ta ce ba komai, domin tsofaffin zane sun nuna na masu yanka gidan haya ne, cire shi ma ya dawo da ɗakin siffarsa ta asali. Tagogin roba ta ce sai sun fita. Simintin kicin, tsoho da sabo, ta amince a fasa. Ba a kai kowa kotu ba. Izini ya fito a watan Yuni.

Daga nan maginin ya shiga da guduma da kurfi, da hannu, don inji yana ɓalle fuskar dutse. Na shiga gidan a makon. Kicin ɗin da na sani da ƙyalli ya koma kamar kogo, dutse baƙi-baƙi, in ka dafa tafin hannu sai ka ɗago shi da laima. A bayan simintin 2015 an tarar da ragowar tsohon shafe, yana murmushewa, gashin dabbar da aka kwaɓa da shi sama da shekara 200 yana nan ana gani. Aka fasa kankaren tsakar gida, aka sauke ƙasa ƙasa da daɓen kicin, aka juya gangaren wajen magudana. Aka buɗe ramukan iska da bututun hayaƙi. Kafinta ya yanke duk katakon da fumfuna ta ci har ya wuce inda ta tsaya, ya dasa sabo ba tare da ya taɓa jiƙaƙƙen dutse ba.

Sai jira. Maginan can suna da ƙiyasin cewa bango yana bushewa inci ɗaya a wata. An bar shi tsirara wata 3, tagogi a buɗe. A watan Satumba aka cike tsakanin duwatsun waje da kwaɓin farar ƙasa, aka yi shafen ciki hawa biyu, ana barin kwanaki tsakaninsu ana yayyafa ruwa don kada ya bushe da gaggawa ya tsage. Farar ƙasa ba ta kamawa kamar siminti, iska take sha a hankali har ta koma dutse, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 5 kuma yana ɓata ta. Da Oktoba ta ƙare aka ajiye kayan aiki.

## Nuwamba 2024 zuwa Yuni 2025: hunturun gwaji da sayarwa

An bar na'urar ɗumama gida a kunne kaɗan-kaɗan duk hunturu. Masaniyar ta bar guntayen katako a cikin ramukan bango, tana zuwa duk wata tana auna su. A Nuwamba danshin na bangon baya ya haura kashi 20 cikin ɗari, iyakar da ake jin tsoron ruɓewar katako. A Maris ya sauko ƙasa da haka. Gishiri ya fito a kan sabon shafen sau biyu, aka share da busasshen buroshi. A Afrilu aka yi hawa na ƙarshe, aka shafa farar ƙasa tsarma a maimakon fentin roba. Sababbin tagogin katako biyu suka shiga.

Gidan ya koma kasuwa a watan Mayu. Wannan karon dillali yana ajiye wata jaka a kan teburin kicin: takardar izini, rahoton bincike, awon kowane wata, hotunan bango kafin aiki da bayansa. Mai saye na uku ya turo nasa mai duba ginin, na'urarsa ta nuna ja a bangon gaba kamar yadda aka zata, ya karanta rahoton gishirin ya wuce. An yi musayar takardu a ƙarshen Yuni, wata 26 bayan tallar farko. Farashin ya faɗo tsakanin tayin farko da na biyu. In aka cire kuɗin gyara, da harajin kashi 20 cikin ɗari da ke kansa, da haya da bashin banki na tsawon lokacin, iyalin sun fita da ƙasa da abin da suka sa rai.

## Abin da ya yi aiki, da wanda bai yi ba

Allurar bango ta faɗi ne saboda ta amsa tambayar da ba a yi ba. Ko da a ce ruwan daga ƙasa yake, sinadarin yana bukatar layin kwaɓi miƙaƙƙe da zai bi, bangon tarkacen dutse kuwa cike yake da kogo, sai ya zurare ya ɓace. Simintin da ya biyo baya shi ya yi ɓarnar gaske: ya tura danshin sama da gefe har ya iske katakon matakala. Mutumin da ke duba gida kyauta abin da yake sayarwa zai gani, ban kuma ga laifin iyalin sosai ba, mutum mai biyan haya biyu ba ya son jin kalmar jira.

Inshorar kitso ce da kwarkwata. A ganina ta ci musu wata uku, ta kuma sa suka ƙara jin tsoron ofishin da a ƙarshe ya fi kowa sauƙin sha'ani. Cikin abubuwa uku da lauyan farko ya tambaya, ɗaya daga cikinsu, wato bangon da aka cire, ba matsala ba ne, da sun je tun Yulin 2023 da sun sani.

Aikin rufi da bututu, wanda bai kai mako biyu ba kuma ya fi sauran araha, shi ya ɗauke mafi yawan ruwan. Sauke tsakar gida ya ɗauke saura. Farar ƙasa ba ta busar da komai ba, hanya kawai ta ba bangon ya bushe da kansa, kuma da an shafa ta tun ba a gyara rufin ba da ita ma ta ji kunya. Kuskure mafi tsada an yi shi ne tun 2015, ranar da suka sayi gida mai rajista ba wanda ya tambayi takardar izini, ba wanda ya hau ya buɗe 'yar ƙofar rufin.

A shafin ƙarshe na jakar, masaniyar ta rubuta wa sababbin masu gidan aiki ɗaya: a hau a share kwarin sau biyu a shekara, bayan ganye ya gama zuba da kuma farkon Maris. Makullin ƙofar yana rataye a ƙusa, a saman matakala ta ƙarshe.